Shere ko Chappal Waddi: ina ya fi dacewa a kai ɗalibai kwanan daji a hunturu?

Malam, ka ce kana so ka fita da ɗalibanka na jami'a, kimanin su ashirin maza da mata, su goya kayansu su yi kwana ɗaya a daji a hutun Disamba, amma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin duwatsun Shere na Jos da Chappal Waddi na Taraba. Ka kuma ce yawancinsu 'yan Kano da Jigawa ne, ba su taɓa kwana a waje ba sai dai a tsakar gida lokacin bazara. To ni dai Shere na zaɓar maka.

In ana maganar suna, Chappal Waddi ya fi cika ido. Tsayinsa mita 2,419, babu dutsen da ya kai shi a Najeriya, yana kan iyakarmu da Kamaru a cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991, wanda ya ratsa Taraba da Adamawa kuma ya fi kowane gandun daji na ƙasar nan girma. Shere kuwa ƙololuwarsa mita 1,829 ce, kuma wajen kilomita goma ne daga cikin Jos ta gabas. Ratar da ke tsakaninsu ta kusa mita 600. A lissafin masana yanayi, duk mita 1,000 da ka hau sanyi na ƙaruwa da wajen digiri shida da rabi, ka ga ke nan saman Chappal Waddi zai fi na Shere sanyi da kusan digiri huɗu. Kada wannan ya sa ka raina Shere. Garin Jos kansa, da ke kan mita 1,200, ma'auni kan sauka zuwa digiri 10 ko ƙasa da haka da daren Disamba da Janairu, balle kan dutse inda babu katangar da za ta tare iska.

Irin sanyin ne ya bambanta. Na Shere busasshe ne: iskar hunturu da ƙura, leɓe ya tsage, hanci ya bushe, amma rigarka tana nan a bushe. A Chappal Waddi ciyawa ce da kurmi, ga hazo ga raɓa, mutum ya ratsa ciyawa da asuba wandonsa ya jiƙe sharkaf har cinya. Jiƙaƙƙen sanyi shi ne mai kayar da mutum, musamman wanda ya saka jins ko rigar auduga, don auduga in ta sha ruwa ba ta bushewa da wuri, sai ta manne a jiki tana zuƙe ɗumi. Ɗalibanka kuwa na san abin da za su zo da shi ke nan.

Babban abin da ya sa na karkata ga Shere shi ne wannan: in wani ya kwanta ciwo ƙarfe biyun dare, awa nawa za a yi kafin a kai shi gaban likita? A Shere kana hango fitilun gari daga wasu wuraren, waya na kamawa a mafi yawan tudun, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana Lamingo, ɓangaren garin da ke kusa da duwatsun. A Chappal Waddi lissafin daban ne. Sai ka je Jalingo, ka gangara Serti inda ofishin gandun dajin yake, ka hau tsaunin Mambila ta hanya mai kwana-kwana, sannan ka bar kwalta ka koma babur, daga nan a taka da ƙafa. Waya takan ɗauke. Wanda ya gurɗe ƙafa a can sai an ɗauko shi a kafaɗa. Saboda haka kwana ɗayan da ka ambata ma ba ya cikin lissafin Chappal Waddi, zuwa da dawowa daga Kano sai ka ware mako guda, da izinin hukumar gandun daji, da jami'an da za su raka ku, da 'yan dako. A Shere kuna iya tashi da hantsin Asabar ku sauko Lahadi kafin azahar. Ga shi kuma a gindin duwatsun akwai makarantar horar da matasa ta gwamnatin tarayya, wadda aka fi sani da ta 'yan Man O' War, masu horarwar cikinta sun san kowane lungu na wurin.

A ruwa ne Chappal Waddi ya yi wa Shere fintinkau. Akwai ƙoramu masu gudu har da rani, abin da ake buƙata kawai a tafasa. A Shere da hunturu kada ka dogara da samun ruwa a sama, kowa ya goya nasa, aƙalla lita uku, wato kilo uku ke nan kafin a saka bargo da abinci. Jakar ɗalibi kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, mai kilo 52 ya tsaya a 13. Ta fuskar abin kallo ma Gashaka-Gumti ya yi gaba, da birai iri-iri da tsuntsaye da shanun Fulani a kan tudu. Shere duwatsu ne jibga-jibga, wani a kan wani, sai faɗuwar rana mai kyau.

Sauran abubuwan duk inda ka je ɗaya ne. Wanda bai saba ba yana tara barguna a kansa ya manta da ƙasa, alhali ƙasa da dutse su ne ke shanye ɗumin jiki cikin dare. Tabarmar roba ba ta tare komai. A nemi siririyar katifar soso mai naɗewa, in babu a shimfiɗa leda, a ɗora kwali, sannan bargo riɓi biyu. Kasuwar Katako a Jos akwai 'yan gwanjo, a nan za a samu rigunan sanyi da huluna da safa da araha, wani lokacin har da jakar barci. Kowa ya ƙulle safa ɗaya da riga ɗaya a leda waɗanda ba zai taɓa ba sai lokacin kwanciya. Abinci kuma a ci mai zafi kafin a kwanta, taliyar leda da shayi mai sukari, a aljihu a bar dabino da ƙuliƙuli da kilishi. Wake a bar shi a gida, a kan tudu ruwa na tafasa kafin ya kai digiri 100, sai iccen ya ƙare bai nuna ba. Ruwan alwalar asuba a ɗumama shi, a goge ƙafa ta bushe kafin a mayar da safa.

Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa: kada kowa ya shiga tanti da kaskon gawayi. Iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, barci kawai take sa wa, kuma a rufaffen wuri kisa take yi. Ka faɗa musu tun a mota, ka kuma zaga tantunan da kanka kafin ka kwanta.

Ka sa ido kan mai shiru. Wanda ke kakkarwa yana mita da sauƙi. Abin tsoro shi ne wanda ya koma gefe ya takure, ka ce ya zuge zif ɗin rigarsa yatsunsa su kasa kamawa, ka tambaye shi ya ce "ba komai, Malam" da harshe a karye. Zafin jikin mutum in ya sauka ƙasa da digiri 35 haka yake farawa. A cire masa jiƙaƙƙen kaya, a raba shi da ƙasa, a naɗe shi tsakanin abokansa biyu, in yana cikin hayyacinsa a ba shi shayi. Yaranmu akwai alkunya, musamman 'yan matan, ba za su faɗa maka ba, shi ya sa dole a tafi da malama mace, kuma a haɗa su bibbiyu kowa na lura da ɗan uwansa.

Kafin a tashi, a karɓi sa hannun iyaye, a sanar da jami'an tsaro da mai unguwar yankin, a tambayi halin da ake ciki a makon tafiyar, don Filato da Mambila duka sun ga rikici a baya. In an sauko daga Shere lafiya, za ka gane shida ko takwas da ƙafarsu da haƙurinsu suka kai. Su za ka rubuta wa ofishin Serti takarda a kansu, a nufi Chappal Waddi a Janairu ko Fabrairu, kafin ruwan Mambila ya sauka.