Yadda sashen gaggawa na yara ya duba jaririyarmu

Jaririyarmu mai wata 4 ta ɗauke numfashi, jikinta ya saki, amma kafin minti ɗaya ta dawo garau. A sashen gaggawa na yara, likita ta yi mana tambayoyi dalla-dalla kan shayarwa, tumbiɗi da ko bakwaini ce, sannan aka lura da iskar jininta da na'ura har awa 4. Ta bayyana cewa bisa ƙa'idar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta 2016, jaririn da ya haura kwana 60, ba bakwaini ba, kuma karonsa na farko ke nan, ba lallai a kwantar da shi ba. Na yaba da yadda suka koya mana farfaɗo da numfashin jariri, sai dai layin yankar kati ya yi wa uwa mai fargaba tsawo.