Wata takwas ina hawan keke mai caji a Gombe, ga abin da na gani

Jama'a da yawa suna tare ni a hanya suna tambaya wai nawa na saya, yana kai kilomita nawa, shi ya sa na ce bari in rubuta a huta. Ni a Tumfure nake zaune, shagon ɗinkina kuma yana cikin gari kusa da babbar kasuwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin abin hawa ya fara cin ribar ɗinkin, shi ne na tara na sayi keken lantarki. Kuma biyu na saya fa, don na farkon bai yi min ba.

Na farkon ƙarami ne, tayarsa inci 14, inji wat 250, batir bolt 36 amfiya 10. Mai shagon ya ce min "Malam wannan kilomita 50 zai kai ka a caji ɗaya", ni ko na lissafa zuwa da dawowata bai kai rabin haka ba, sai na biya. Abin da ban saka a lissafi ba shi ne Gombe a cikin kwari take. Da safe gangara ce tun daga Tumfure har cikin gari, keken yana gudu kamar ba ya shan batir, amma da yamma fa sai ka biya bashin, hawan nan na hanyar Bauchi ga ni da nauyina kusan kilo 85 ga jakar yadudduka a kariya ga batir ya riga ya yi ƙasa, sai ka ji injin yana nishi yana ɗaukar zafi, dole in riƙa taka feda da ƙarfi har in isa gida rigata ta jiƙe. In na kauce daga kwalta zuwa layinmu kuma yashi ya kama ƙananan tayoyin nan, sai dai in sauka in tura.

Ba na cewa mai shagon ƙarya ya yi min. Lambar da suke faɗa ta mutum ce mara nauyi a shimfiɗaɗɗen titi yana taimakawa da feda. Yanzu haka keken yana wajen ƙanina da ke karatu a Bauchi, ba shi da jiki, littattafai kawai yake ɗauka, hanyarsa ba tudu, kuma kullum yabon keken yake.

Kafin in sayi na biyu wani mai gyaran sola a layinmu ya zaunar da ni ya koya min lissafi ɗaya, Allah ya saka masa da alheri. Ya ce ka daina kallon kilomita, ka ninka bolt da amfiya na batir (wato V da Ah), abin da ya fito shi ne girman tankinka. Na farko 36 sau 10, ya ba da 360. Wanda nake hawa yanzu 48 sau 15 ne, 720 ke nan, ninki biyu cif. Wat ɗin inji kuma shi ne ƙarfin ja a tudu, nawa 500 ne, taya inci 26 masu faɗi, da giya, da birki mai faranti gaba da baya. Birkin nan kar ka raina shi in kana gangarowa da kaya a bayanka napep ya tsaya maka ba sigina.

Maganar batir ita ce ta fi damuna gaskiya. Akwai masu batirin gubar, irin na inbata, sun fi araha nesa ba kusa ba amma nauyi gare su kuma sun fi saurin mutuwa. Ni na litiyom na ɗauka, wanda ake buɗewa da makulli a zare shi. Wannan zarewar ce ta rufa min asiri, don ba kullum ake samun wuta a gida da dare ba, sai in shiga da shi shago in jona, awa shida zuwa bakwai ya cika. Zafin Maris da Afrilu na garin nan kam maƙiyin litiyom ne, ba na barinsa a rana, ba na jona shi da na sauka sai ya huce, ba na kwana da shi a caji a ɗakin da yara suke, kuma cajarsa ta asali kaɗai nake amfani da ita. Don Allah masu sayen caja ta bakin titi ku bari, haka gobara take tashi.

Keken na biyu shi ma yana da nasa matsalolin. Nauyi ne da shi, ya haura kilo 25, ranar da batir ya ƙare a hanya tuƙa shi da ƙafa aiki ne. Injin a cikin tayar baya yake, don haka in ta yi faci sai ka tsaya a kan mai facin ka nuna masa inda ake cire waya, akwai wanda ya fizge min ita na yi kwana tara ina jiran a aiko da wata daga Kano. Takalmin birki kuma har na canza sau ɗaya saboda gangarar nan. Da damina yayyafi ba ya hana ni fita, amma in ruwa ya cika titi bayan an ɗauke sama ba na shiga da shi, gara in jira ya janye.

Wanda zai saya, ya roƙi mai shagon ya bar shi ya gwada a ainihin hanyarsa da irin kayan da yake ɗauka, ko da zai bar waya jingina. Ni da na biyun haka na yi, na ɗora buhun shinkafa mai kilo 25 a baya na hau har Tumfure na dawo, sannan na ƙirga masa kuɗinsa.