Wane Tabarau na VR Ya Kamata Ka Saya Don Kallon Daji da Teku?

Tun a 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya bi bayanan marasa lafiya da aka yi wa tiyata a wani asibiti a Pennsylvania ta Amurka. Waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bangon bulo samun sallama, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi da yawa ba. Wannan ne tushen tabaraun VR (na'urar da ake ɗaurawa a ido, mutum ya ga kamar yana cikin wurin da ake nuna masa) na kallon yanayi: a kai wa wanda ba ya iya fita daji ko bakin teku har kan gadonsa. Ga tsoho mai ciwon gwiwa ko majinyacin da ya daɗe a ɗaki, abin na da amfani. Sai dai ba magani ba ne, kuma wanda baƙin ciki ya yi wa katutu, likita zai gani.

Mafi arha shi ne kwalin da ake zura waya a ciki, irin Google Cardboard na 2014. Ban ba da shawararsa ba. Hoton dishi-dishi ne, wayar na zafi, kuma idan ka juya kai hoton na biyo ka a makare, nan take jiri da tashin zuciya su zo. Mai neman natsuwa ba zai same ta a nan ba.

Zaɓin gaskiya yana tsakanin Meta Quest 3S da Quest 3. Na farkon ya fito a Oktoban 2024 a kan dala 299, na biyun a Oktoban 2023 a kan dala 499. Injin cikinsu ɗaya ne, nauyinsu kusan giram 515, cajinsu kuma na kai wajen awa biyu. Bambancin yana cikin gilashin. A 3S tsakiyar hoto ce kaɗai take tas, gefe ya ɗan dusashe, kuma haske mai ƙarfi, kamar wata a sararin dare, yakan watsu. A Quest 3 kana iya karkata ido ka ga ganyen da ke can gefe sarai ba tare da ka juya wuya ba. Ga wanda zai zauna shiru yana kallon ruwa na gangarowa daga dutse, wannan ya fi komai muhimmanci. Mai hali ya ɗauki Quest 3. In aljihu bai kai ba, 3S ma zai biya buƙata.

Apple Vision Pro na 2024 hotonsa ya fi kyau, amma dala 3,499 don wannan aiki kaɗai ɓarnar kuɗi ce. PlayStation VR2 kuwa sai an jona shi da kebul a jikin na'urar wasa ta PS5 ko kwamfuta, kuma wasanni aka yi shi domin su.

Kafin ka biya, ka tuna bidiyon da ke kewaye da kai ta ko'ina yana cin data sosai. Gara manhajar da ake saukewa sau ɗaya, kamar Nature Treks VR, da dogaro da YouTube kullum. Ka zaɓi wuraren da kai kake tsaye cik, tsuntsaye da ruwa ne ke motsi, domin yawo cikin hoto shi ke kawo jiri. Maɗaurin yadin da ke zuwa da Quest yana jibge nauyin a goshi da kumatu, don haka ka ware kuɗin mai tauri. Idan kuma tsoho za ka saya wa, a fara gwada masa na minti goma yana zaune, da wani a kusa da shi.