Shagon tsofaffin littattafan aikin ƙarfe a Adum

Shekara goma sha tara ke nan ina tsaye gaban injin tonin, mai juya ƙarfe ana fere shi, a Magazin ta Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, kuma yawancin abin da ake kawo mini ƙarfe ne da ya girme ni: nika-nika, famfon ruwa, tsohuwar mota Bedford da mai ita ya ƙi rabuwa da ita. Da inci aka ƙera waɗannan injina, yaranmu na yanzu kuwa da milimita suka buɗe ido. Abin da ya fara kai ni shagon nan ke nan.

Yana Adum, cikin wani lungu idan ka gangaro za ka kasuwar Kejetia. Ba allo, ba suna. Daga waje littattafan 'yan makaranta kawai za ka gani, sai ka yi sallama ka ce na aikin ƙarfe kake nema, sannan mai shagon, wani dattijo ɗan Zango da kowa ke kira Baba, zai janye benci ya nuna maka akwatuna huɗu a ƙurya. Ya ce mini yawanci daga hannun magada yake samun su. Injiniya ya yi aiki a ma'adinan zinariya na Obuasi ko a jirgin ƙasa a Sekondi, ko ya koyar a jami'ar KNUST, Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'ya su share ɗaki. In Baba bai je da wuri ba, masu ƙosai ne za su ƙunsa kaya da shafukan.

Ga abin da ya sa nake ganin girman wurin. Bara wata Hajiya daga Aboabo ta aiko da injin nikanta, Lister irin na Ingila mai silinda ɗaya. Wani yaro ya ɗaura noti a bolti mai rabin inci, ya shiga zagaye biyu ya cije, shi kuma ya sa ƙarfi da sifana har ya cinye haƙoran. Yaron bai yi ganganci ba. Ya saba ganin notin Amurka yana hawa boltin Ingila a kwata inci da sauran ƙanana, don yawan haƙoransu ɗaya ne. A rabin inci ne suka raba hanya: na Ingila, wanda Joseph Whitworth ya tsara a 1841, haƙori 12 ne a kowane inci, na Amurka 13. Kwanciyar haƙorin ma ba ɗaya ba ce, na Whitworth digiri 55, na Amurka da na milimita digiri 60. Duk wannan yana jere cikin littafin Machinery's Handbook da na saya wurin Baba. Na buɗe, na saita giyar injina, na yanka sabon bolti, kafin la'asar nika-nikan Hajiya ta koma bakin aiki.

Littafin kansa abin kallo ne. An fara buga shi a Amurka tun 1914, nawa kuma tsohon bugu ne, gajere mai kauri kamar bulo, takardarsa siririya har kana hango rubutun baya. A gefe an ƙwaƙule gurabe na sa babban yatsa, ka faɗa babin da kake so kai tsaye. Gurbin babin haƙoran bolti ya yi baƙi ƙirin da man inji, sauran kuwa fari tas. A gefen wani jadawali, mai shi na farko ya rubuta lissafinsa da fensir, ƙananan lambobi masu tsabta. Ban san shi ba, amma duk ranar da yatsana ya sauka inda nasa ya sha sauka sai na ji kamar masta ne tsaye a bayana.

Na san za a ce ai akwai waya. Akwai, ina dubawa ma. Amma hannu cike da giris, rana tana dukan gilashi, data ta ƙare ana tsakiyar aiki, ga kuma jadawalin da ba ka san wanda ya kwafo shi ba. Littafi sai ka buɗe shi a kan benci ka danne da sifana.

Sai dai shagon yana da aibunsa, kuma na faɗa wa Baba a gabansa. Akwatunan a ƙasa suke, danshin damina na Kumasi kuwa ba ya raga wa takarda. Na taɓa sayen littafin gyaran injin dizal, sai da na isa gida na tarar shafuka kusan ashirin sun manne, gara kuma ta ci daidai zanen famfon mai, wurin da na saye shi dominsa. Da na mayar bai yi musu ba, ya ce, "Ɗana, zaɓi wani." Na ce, "Baba, don Allah a ɗora su a kan katako." Ya ɗora biyu, biyu suna nan inda suke. Babu kuma jerin abin da ke akwai, sai ka tsuguna ka tona da kanka, ƙura tana shiga hanci. Kuɗi ma ba a rubuce yake ba. Idan ya ga idonka ya kafe a kan littafi, farashi ya tashi, don haka ka haɗa uku ko huɗu ka yi ciniki a dunƙule.

Wanda zai je, ya duba shekarar bugu a shafin farko, ya tabbata ko inci ne ko milimita ko duka biyun, ya bi jadawalan ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe manyan zanen da ake ninkewa a ƙarshe, don su ake fara yagewa. Da safe ya fi, kafin lungun ya cika, ranar Juma'a kuma yana rufewa tun kafin azahar.

Na bar masa sallahun littafin Bedford mai zanen giyabos. Ya ce akwai wani gida a Asawase da aka kira shi ya je ya duba kwalaye, in leƙo ranar Asabar.