LibreNMS: yadda na rage hawa bene ina bin waya a Aboabo

Sana'ata raba intanet ce ga gidaje da shaguna a Aboabo da wani yanki na Asawase, nan Kumasi. Layi ɗaya babba nake karɓowa, in rarraba shi ta eriya da kebul. Kayan aikin ba su kai na manyan kamfanoni ba: rauta 2 na MikroTik, suwic 9, da eriyoyin Ubiquiti 14 a kan rufin mutane. Amma duk ƙanƙantarsu, sai da suka fi ƙarfin littafin da nake rubuta su a ciki. Littafin makaranta ne mai jan bango, kowane shafi gida guda, da adireshin IP da lambar kafar da na soka wa mutum waya. Yau in sauya wa wani kafa in manta ban gyara ba, gobe yaron da ke taya ni ya ƙara kwastoma bai faɗa mini ba. A hankali abin da ke littafi daban, abin da ke kan rufi daban.

Wata bakwai ke nan da na ɗora LibreNMS a kan wata tsohuwar kwamfuta da na saya a Adum, na sa mata Ubuntu, wani nau'in Linux. LibreNMS manhajar sa ido kan na'urorin intanet ce, kyauta, an ɓalle ta daga wata irinta mai suna Observium a 2013, kuma masu sa kai ne ke ci gaba da gina ta. Aikinta tambaya: duk minti 5 takan leƙa kowace na'ura ta hanyar SNMP, wato yaren da na'urori ke ba da rahoton kansu da shi, ta ce mata wace ce ke, kafofinki nawa, nawa ya wuce ta kowace. Idan na'ura ta ambaci maƙwabciyarta ta LLDP ko CDP, hanyoyin da na'urori ke sanar da juna kansu, sai manhajar ta bi ta ɗauko ita ma, muddin ka ba ta izinin wannan rukunin adireshi. Da rauta ɗaya na fara da dare, kafin asuba mafi yawan kayana sun jeru da kansu.

Shafin na'urori yana nuna suna, samfuri, sigar manhajar da ke ciki, da tsawon lokacin da kowace ta yi a kunne. Wannan na ƙarshen na fi kallo. Idan na ga eriya ta ce minti 12 kacal ta yi a kunne, alhali sauran sun kwana uku, na san ko dumso, wato ɗaukewar wuta, ne ya taɓa layin gidan, ko wani ya zare filogi ya sa cajin waya.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne jerin adireshi. Wata Juma'a bayan an sauko, Alhaji mai shagon hatsi ya kira ni, murya a sama. "Injiniya, tun jiya abin nan yana zuwa yana ɗaukewa, yaran ba sa iya tura wa mutanen Tamale hoton kaya." Na ce, "Baba Alhaji, ka yi haƙuri, ba ni minti goma." Da a da ne, da sai in ɗauki tsani in fara daga shagonsa, in bi waya gida gida har magariba. Wannan karon na buɗe binciken teburin ARP, wanda ke haɗa kowane adireshin IP da lambar MAC, wato lambar shaidar da na'ura ke zuwa da ita, na rubuta adireshinsa, 10.10.5.21. Lambar MAC da ta fito ba ta na'urar da na sa masa ba ce, don farkon lambar yana nuna kamfanin da ya ƙera, kuma ban taɓa sayen kayan wannan kamfanin ba. Ashe na'urori biyu ke kokawa a kan adireshi ɗaya. Na kwafi lambar na zuba a teburin FDB, wanda ke nuna ta wace kafar suwic aka ji kowace na'ura. Ta bayyana a wuri uku. Biyu manyan hanyoyi ne da duk zirga-zirga ke bi, ta ukun kuwa kafa ta 7 ce a suwic ɗin wani bene mai hawa biyu. Na je can kai tsaye. Wani ɗalibi ne ya sayo ƙaramar rauta, ya ga adireshi a jikin takardar maƙwabci ya rubuta da hannu, bai san ɓarna yake yi ba. Na ba shi nasa, na koma na gaida Alhaji kafin la'asar.

A nan akwai abin da ya kamata mai shirin amfani da LibreNMS ya sani. Teburin ARP da na FDB ba duk minti 5 ake sabunta su ba. Suna cikin zagayen gano na'urori, wanda a tsarin asali duk awa 6 yake gudana. Ranar Alhaji na dace, don matsalar ta kwana. Idan abu ya faru yanzu yanzu, sai ka sa ta sake binciken wannan suwic ɗin da hannunka, in ba haka ba labarin safe za ka karanta da yamma. Na so a ce lokacin sabuntawar ya fi fitowa ɓaro-ɓaro a idon sabon shiga.

Jerin kafofi kuma, gwargwadon sunan da ka raɗa musu yake amfani. Makon farko shafin cike yake da ether1, ether2, ether3, babu mai gane komai. Na kwashe Lahadi biyu ina shiga kowane suwic ina rubuta bayanin kafa. Manhajar tana gane wasu kalmomi a farkon bayani: ka fara da Cust: ta tara su a matsayin kwastomomi, ka fara da Transit: ta san layin da kake saye ne. Yanzu ina iya tace kafofin da suka mutu, ko masu tara kurakurai, kuma kafa mai yawan kurakurai kusan kullum kan kebul ne ya sha ruwan damina ko ya yi tsatsa. Na kuma gano kafa 11 da ke kunne ba kowa a kansu, na rufe su.

Shawara ɗaya: kada ka yi amfani da sigar SNMP ta farko. Ma'auninta na bit 32 ne, yana cika da ya haura gigabait 4 kaɗan ya koma sifili, sai zanen babban layinka ya riƙa ba ka lissafin da ba shi ba. Ka sa v2c ko v3, kuma ka sauya public, kalmar shiga SNMP da kayan ke zuwa da ita.

Ɗora LibreNMS ba wasa ba ne ga wanda bai saba da Linux ba, akwai PHP da MariaDB da RRDtool da za a daidaita, ni dare biyu ta ci mini. PRTG, wani mai irin wannan aikin, ya fi sauƙin ɗorawa, sai dai na kyautarsa ma'auni 100 ne, kafofina kaɗai sun wuce haka. The Dude na MikroTik na da kyau wajen zana taswira, amma wajen neman adireshi da lambar MAC hannuna ya fi sabawa da LibreNMS. Saƙon gargaɗi kuma ta Telegram yake shigo mini, har ina cikin trotro.

Abin da LibreNMS ba ta gani shi ne suwic mai arha marar SNMP. Ina da irinsu uku, kuma duk gidajen da ke bayansu a kafa ɗaya suke bayyana, cunkus. Can har yanzu tsani ne da bin waya. Na fara ajiye sidi kaɗan kaɗan, wanda ke layin masallaci zan fara sauyawa, don shi ke ɗauke da gida takwas.