Tarihin Zango: PRAAD ko Legon?

Wani ɗan'uwanmu ya ce kakansa bafatake ne daga Kano, ya biyo hanyar Gwanja neman goro har ya zauna a Kumasi, ƙasar Ghana. Yana so ya tono tarihin gidansu, sai yake tambaya ko ya nufi ma'ajiyar takardun gwamnati ta PRAAD ne ko Jami'ar Ghana da ke Legon. To ɗan'uwa, ajiyar wuraren nan biyu ba iri ɗaya ba ce.

PRAAD ita ce tsohuwar ma'ajiyar ƙasa da aka fara a 1946, doka ta sake mata suna a 1997. Babban ofishinta yana Ankara, tana da rassa a Kumasi da Tamale da wasu biranen. Takardun mulki ne a ciki, da Turanci: wasiƙun Turawan gunduma, shari'o'in kotu, rikicin fili, naɗin sarakunan Zango, koke-koken jama'a. Mutum yakan shiga fayil ne idan ya kai ƙara ko an kai shi, ko ya nemi fili, ko ya shiga soja, ko ya dangwala hannu a takardar koke. Wanda ya sayi goronsa ya ɗaure, bai taɓa rigima da kowa ba, yana iya shekara arba'in a Kumasi alƙalamin Bature bai bi ta kansa ba. Kakanninmu mata kuwa, da wuya ka ci karo da su. Amma inda PRAAD ta yi magana, tana zuwa da rana da wata da sunayen shaidu, abin da hirar zaure ba ta riƙewa. Idan gidanku ya taɓa sarauta ko limanci, musamman zamanin Malam Salau da ya zama Sarkin Zangon Kumasi a 1919, ka sa rai.

Legon kuma muryar malamai ce. Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar, wadda aka kafa a 1961, ta tara ɗaruruwan rubuce-rubuce na Larabci da ajamin Hausa a shekarun 1960. Ivor Wilks da Alhaji Usman Boyo na cikin waɗanda suka yi aikin, suna karɓar littafi a hannun malami, a ɗauki hotonsa, a mayar wa mai shi. Shi ya sa yawancin abin da za a miƙo maka kwafi ne. A nan ake samun tarihin Gwanja, labarin yaƙin basasar Salga na 1892 wanda ya watsa fatake da malamai zuwa wasu garuruwa, da waƙoƙin Alhaji Umaru Karaki, haifaffen Kano da ya rasu a 1934. Akwai wasiƙu, akwai salsalar karatu, wato wane ya yi karatu wurin wane. Nan ne nake jin kakanninmu suna magana da bakinsu, kuma abin yana taɓa ni ƙwarai. Sai dai in ba ka iya karanta rubutun hannun malaman da ba, ka tafi da malami, don ajamin ba kullum yake da wasali ba.

Tunda gida kake nema, shawarata ka fara da reshen PRAAD na Kumasi, daga nan ka wuce ma'ajiyar fadar Manhyia, inda takardun kotunan Sarkin Asante suke, domin ƙasar da Zango ke kai ta Tonawa ce, wato mutanen Asante, maganar fili kuma takan kai can. Legon sai daga baya, sai fa in kakan naka malami ne, to a nan ita ce ta farko.

Kafin ka fita, ka zauna da tsofaffin gida ka rubuta sunan kakan da laƙabinsa, sunan maigidan da ya sauke shi, da unguwar da ya fara zama. Fatake a gidan maigida suke sauka, shi ke yi musu dillanci, kuma sau da yawa sunansa ne ke cikin fayil. Ka roƙi a buɗe maka tsohuwar adaka ma, ka ɗauki hoton duk takardar da ke ciki, ko da rasit ɗin haya ne.