Hayaƙin salansa: ringi ne ko sil ɗin bawul?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya kawo tambaya daren jiya. Camry ce gare shi ƙirar 2008, wadda ake kira Muscle, mai silinda huɗu, ta haura kilomita 260,000. Ya ce da safe in ya tayar da ita sai ta furzar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, kuma kusan duk mako biyu sai ya yi cikon baƙin mai. Bakanike na farko ya ce a yi ringi, na biyu ya ce sil ɗin bawul ne, na uku ya ce a zuba mai kauri a huta. Wa zai bi?

Malam, kada ka bi ko ɗaya tukuna. Launin hayaƙin ya riga ya rage maka aiki: shuɗi mai warin ƙonannen mai, to baƙin mai ne ke shiga inda fetur kaɗai ya kamata ya ƙone. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, ruwa ne, galibi gaskit ɗin saman inji, kuma za ka ga lagireto na neman ciko ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Ana cewa irin wannan hayaƙin yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, amma wannan sai motar da ake zuba wa ruwan sanyaya inji na gora. Mu da yawancinmu ruwan famfo muke ɗurawa, ba za mu ji komai ba. Siririn farin tururi na sanyin safiya a hunturu kuwa ba ciwo ba ne. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa: filtar iska ta toshe da ƙura, nozul na ɗiga, ko wata sensa ta lalace. Naka dai shuɗi ne, don haka gardamar tsakanin biyun nan take, kuma abin da zai raba ta shi ne lokacin da hayaƙin ke fita.

Sil ɗin bawul wata 'yar roba ce a wuyan kowane bawul, injinka na da goma sha shida. Aikinta ta hana man da ke wanka a saman inji gangarawa cikin silinda. Shekaru da zafi ke busar da ita ta ƙandare. In ka ajiye mota da dare, man da ya taru a sama sai ya riƙa tsiyaya ta gefen robar, da safe kana murza makulli ya ƙone gaba ɗaya. Hayaƙin na daƙiƙoƙi ne, daga nan salansa ta washe kamar ba a yi ba. Ringi kuwa zoben ƙarfe ne a jikin fistin, a ƙasa. Mota na tsaye ba abin da zai ɗiga ta nan, don mai ba ya hawa sama da kansa. Sai injin na aiki tuƙuru ciwon ringi ke nuna kansa: ka ɗauki mutum biyar, ka taka totur za ka wuce tirela, sai ka ga bayanka ya turnuƙe.

Duk wanda ya san Hawan Kibo a hanyar Jos ya san wuri guda da zai nuna masa duka biyun. In kana gangarowa da giya a ciki, ƙafarka ba ta kan totur, injin na zuƙa da ƙarfi alhali ƙofar iska a rufe take, wannan zuƙar ce ke jawo mai ta robar da ta mutu. Kana isa ƙasa ka ba da wuta, sai hayaƙi ya fita bul sau ɗaya ya wuce. Wannan sil ne. In kuma a hawa ne motar ke hayaƙi, tana ƙara shi gwargwadon yadda kake takawa, wannan ringi ne. Ba sai ka je Filato ba, gangara mai ɗan tsawo ta isa, amma ka sa wani ya biyo ka a baya, don madubi yakan ɓoye siririn hayaƙi. Tsayuwar cunkoso ma haka: ka daɗe a sulo, hanya ta buɗe, ka taka, hayaƙi ya fita ya ɗauke, zargi na kan sil.

Akwai gwaji na cikin gida. Injin ya yi zafi yana sulo, ka buɗe murfin zuba baƙin mai a hankali. Ɗan huci kaɗan ba komai, kowane inji na yi. Amma in yana busa hayaƙi fuf-fuf har murfin na rawa in ka ɗora shi, iskar ƙonewa ce ke kufce wa ringi zuwa ƙasa. Sil ɗin bawul ba ya haifar da haka. Yawan man da ake sha ma alama ce: sil yakan sha kaɗan-kaɗan, ringi ne mai kwankwaɗa.

Kafin duk wannan, a duba bawul ɗin PCV, wani ɗan abu a jikin murfin saman inji da ke mayar da hucin ciki zuwa hanyar iska. In ya maƙale, yakan tura mai cikin silinda ko ya tara matsi har sil su fara yoyo. Cire shi minti biyar ne, ka girgiza, lafiyayye yakan yi ƙaras-ƙaras. Abin takaici ne a sauke inji saboda abin da bai kai kuɗin juyen baƙin mai ɗaya ba, kuma ana yi.

Sai gwajin matsi da geji a ramin filogi. A auna silinda huɗun, bambancinsu kada ya wuce kusan kashi 10 cikin 100. Wadda ta yi ƙasa a ɗiga mata cokali guda na baƙin mai a sake aunawa. In adadin ya tashi sosai, ringi ne ya saki, man ne ya toshe gibin na ɗan lokaci. In bai motsa ba, a nemi matsalar a bakin bawul ko gaskit. Sil ɗin bawul ba ya rage matsi ko kaɗan.

To amma ga inda motarka ta fita daban, kuma nan ne nake ganin bakaniken farko na iya yin gaskiya ko da bai san dalili ba. Kowane fistin na da ringi uku: biyu na sama masu riƙe matsi, na ƙasa mai kankare mai daga bangon silinda. Injin 2AZ-FE mai lita 2.4 da ke cikin Camry na 2007 zuwa 2009 ya yi suna wajen shan mai ta ringin ƙasan nan, wanda gawayi ke liƙe shi a raminsa. Kamfanin Toyota da kansa ya fitar wa dillalansa na Amurka sanarwa a kan haka a 2011, ya sa ma'aunin kusan lita ɗaya a mil 1,200, wato kimanin kilomita 1,900, kuma gyaran da ya bayar shi ne sauya fistin da ringi. A irin wannan, geji zai nuna matsi lafiya lau, motar na da ƙarfinta, amma mai na tafiya. Saboda haka kyakkyawan matsi bai wanke ringi ba. Kuma in indomi, wato matatar hayaƙi, na nan a salansa ba a fasa shi ba, yakan cinye wani ɓangare na hayaƙin, sai ka ga na safe kaɗai, lokacin da bai yi zafi ba. Inji mai wannan tafiya ba mamaki yana da ciwon biyu a haɗe.

Ta fuskar aiki, tazarar na da yawa. Sil ana iya sauya shi ba tare da an cire kan inji ba, in bakanike ya iya riƙe bawul da iska ko igiya ta ramin filogi, aikin yini ne. Ringi sai an cire kai, an kwance kaskon ƙasa, an zaro fistin, an duba bangon silinda. In bangon ya zaizaye, sabon ringi ba zai daɗe ba. Shi ya sa wasu ke tsallakewa zuwa injin Belgium, wanda shi ma cinikin biri a sama ne, tunda yana iya zuwa da ciwon nan daga can.

Mai kauri irin 20W-50 zai rage hayaƙin da ido ke gani, ban musa ba. Sai dai injin nan 5W-20 aka rubuta masa, kuma mai kauri ya fi wuyar bi ta ƙananan ramukan da suka riga suka fara toshewa. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Ni da motata ce, zan sauya PCV, in cika mai daidai layin sama, in rubuta kilomita, in yi tafiyar 1,000 ina dubawa da safe a wurin da ba gangara. In abin da ta sha bai kai rabin lita ba kuma hayaƙin na safe ne kawai, sil zan yi. In ya kai rabin lita ko ya haura, zan fara tara kuɗin fistin da ringi, in sa a sauya sil ɗin a lokaci guda tunda kan inji na ƙasa. Kafin nan, galan ɗin ciko ya zauna a but, kuma ka turo mana hoton filoginka huɗu a jere yadda aka ciro su.